Juma'ar da Hajiya ta taka jujin Alƙahira

Kwana goma sha tara muka yi a Alƙahira ba mu ga komai ba sai bangon asibiti da bangon gidan haya. Aikin gwiwa aka yi wa Hajiya, mahaifiyarmu, kuma aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Abin da ya rage shi ne tafiya. Likita ya ce gwiwar da aka yi wa aiki ba ta son zama, sai ana taka ta kullum. Hajiya ta ce ciwon a jikinta yake, ba a jikin likita ba. Daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kujerar salla, iyakarta ke nan. In mai gashin ƙashi ya zo ta yi masa taku goma saboda kunya, yana ba da baya ta koma ta ja bargo.

Mu shida ne a gidan: ni, da Hajiya, da uwargida, da yara biyu, Ummi mai shekara tara da Abba mai biyar, sai ƙanena da ke karatu a Jami'ar Azhar, wanda tun da ya fara tsayar da gemu muke ce masa Ustaz. Hawa na shida muka kama a Madinatu Nasr, ga sanyin Janairu, ga yara sun saba da tsakar gida. Abba ya mai da falo filin ƙwallo, har maƙwabcin da ke ƙasanmu ya fara buga mana silin da sandar mofa. Ni kuma ina da wani ɗan littafi da nake rubuta duk fam ɗin da ya fita, kullum dare sai na lissafa shi da naira, in kwanta da ciwon kai.

Daren Alhamis Ustaz ya ce, "Yaya, gobe in an sauko daga masallaci mu kai su Hadiƙa."

Na ce wace hadiƙa kuma, mu da muka zo jinya?

Ya ce Hadiƙatul Azhar, lambu ne babba a tsakiyar tsohon gari, yara su yi gudu, Hajiya ta sha iska. Tambayata ta farko nawa ne kuɗin shiga, ban ɓoye ba. Hajiya daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce ita ba inda za ta, a bar ta da carbinta. Ummi ce ta shawo kanta, don sunan Hajiya ta ci, kuma duk da Hajiya na kiran ta kishiya, ba ta iya ce mata a'a. Sharaɗi ɗaya ta kafa: a kan keken marasa lafiya za ta je, a kan keke za ta dawo.

Tasi biyu muka ɗauka, aka naɗe keken aka cusa a but. Safiyar Juma'a titunan Alƙahira fayau suke, amma ana idar da salla sai ka ce an buɗe bakin tururuwa. Muka hau titin Salah Salim, direbanmu yana kutsawa tsakanin motoci kamar mai neman wanda ya ci bashinsa, in ya kusa gogar wani ya leƙo ya ce "ma'alesh", shi ke nan an wuce wurin. Ta hannun hagu Hajiya ta hango ƙubbobi da hasumiyoyi masu launin ƙasa sun miƙe iya ganin ido, ta ce wace unguwa ce wannan mai yawan masallatai haka. Ustaz ya ce ai maƙabarta ce, Ƙarafa, sarakunan Mamluk ne suka gina wa kansu waɗannan ƙubbobin, kuma har yau akwai talakawan da ke zaune a cikinta da iyalinsu, suna girki suna shanya. Hajiya ta yi shiru, sannan ta yi wa mutanen kabari sallama a hankali. Ba ta sake magana ba har muka tsaya a bakin ƙofa.

Layin tikiti ya yi tsawo, kowa da iyalinsa, da tabarma, da ledoji, da ƙwallo a hammata. Na biya, na rubuta a littafina a tsaye.

Ana shiga sai wani fili shimfiɗe da dutse, ruwa na tsartuwa daga ƙasa, ba kasko ba katanga, ya yi sama ya dawo. Kafin uwargida ta gama cewa "Abba kada ka", Abba na tsakiya. Cikin sanyin nan ya jiƙe sharkaf, yana dariya tare da 'ya'yan Misirawa da bai san ko kalma ɗaya ta bakinsu ba. Uwargida ta dube ni, irin kallon da ke nufin kai ka ce kada a ɗauko kayan canji don jaka ta yi nauyi. Rigar sanyina aka naɗe shi da ita, ta sauko masa har idon sawu, haka ya wuni kamar ƙaramin limami.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙarar gari ta yanke. Kwana goma sha tara kunnena bai huta da hon ba, har cikin barci, sai ga shi ina jin motsin ruwa da kukan tsuntsaye. Hanya ce doguwa miƙaƙƙiya, bishiyoyi dogaye jere dama da hagu, masu kama da dabino amma jikinsu sumul kamar an yi musu filasta, ga 'yar magudanar ruwa a tsakiya tana bin hanyar. In ka ɗaga kai, can ƙarshen hanyar, bisa tudu, Ƙal'ar Salahuddin ce, wato tsohon sansanin tsaron birnin, da masallacin Muhammad Ali, da ƙubbobinsa da siraran hasumiyoyinsa biyu kamar alƙaluma. Wanda ya zana hanyar nan da gangan ya saita ta da masallacin, ba shakka.

Ustaz ya ce in ba shi fam 20. Na ce na me? Ya ce aro. Ya ɗaga takardar ya nuna wa Ummi hoton da ke jiki, ya nuna mata tudu. Ta duba, ta sake dubawa, ta yi ƙara: "Baba, shi ne!" Sai wasa ya kankama. Ya karɓi fam 100 ya nuna musu masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356, yana can ƙasan Ƙal'a kafaɗa da kafaɗa da masallacin Rifa'i da aka gama a 1912, duk da wanda bai sani ba zai ɗauka tagwaye ne. Muhammad Ali kuwa, duk da shi ya fi ɗaukar ido, yaro ne a kan na Sultan Hasan, a 1830 aka aza harsashinsa. Kuɗin takarda na Masar haka suke, gefe ɗaya masallaci, gefe ɗaya kayan Fir'auna. Na karɓi fam ɗari na na mayar aljihu. Ashirin ɗin har yau ban gan ta ba.

Muka sami wuri a kan ciyawa, a gangaren da ke kallon tsohon gari, muka shimfiɗa zanen gado da muka ɗauko daga gidan haya. Hajiya na kan kekenta, ta lulluɓe da mayafi biyu. Ta dubi ciyawar, ta dubi furanni, ta ce, "Oh, ƙasar wasu da albarka take."

Ustaz ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kin san a kan me kike zaune? Juji ne."

Ta ce ya daina yi mata wasan banza, ita ba kakarsa ba ce.

Ya rantse. Ya ce wannan tudun gaba ɗaya, da ake kira Darrasa, shara ce da ɓaraguzan gini da mutanen Alƙahira suka yi ta zubarwa a bayan ganuwar gari har kimanin shekara 500. In gida ya rushe, nan. In an share kasuwa, nan. Fasassun tukwane, toka, ƙashi, duk nan, har bola ta zama dutse. A 1984 Aga Khan ya zo wani taro kan yadda birnin ke kumbura, ya ga garin da mutane suka yi wa yawa ba wurin da za su miƙe ƙafa, ya ɗauki alkawarin yi musu lambu. Gidauniyarsa ta kashe dala miliyan 30, aka buɗe wurin a 2005. Faɗinsa hekta 30. Ƙasa da tarkacen da aka motsa sun kai lodin tifa 80,000.

Lissafi ne sana'ata, don haka sai na tsinci kaina ina ƙirga tifa dubu tamanin a jere daga Kano, ina tunanin ina za su kai. Na bari da na ga zan wuce Zariya da nisa.

Hajiya ta ce, "Wane ne shi Aga Khan ɗin? Musulmi ne?"

Ustaz ya gyara zama, na san karatu zai ɓalle. Ya ce eh, amma fa shugaban Isma'iliyya ne, wani reshe na Shi'a, kuma yana danganta kansa da Faɗimiyyawan da suka kafa Alƙahira a 969, su ne ma suka gina masallacin Azhar kafin Salahuddin ya zo ya mai da ƙasar kan Sunna, saboda haka a wajen aƙida...

Ta katse shi. "Ni ban tambaye ka ɗariƙarsa ba."

(Aga Khan ɗin ya rasu a watan Fabrairun 2025, kuma a Masar ɗin aka binne shi, a Aswan.)

Maganar jujin ce ta tsaya mata a rai. Ta ce to ai ba abin mamaki ba ne, juji ai taki ne. Ta tuna lokacin da suke yara a cikin birni, yadda mutanen ƙauye ke shigowa da jakai da mangala tun asuba, su kawo itace, su koma da shara da toka da kashin awaki zuwa gona, har rige-rige ake yi a kan juji mai kyau. Ta ce duk gonar da ta ci jujin birni ba ta kunyata mai ita. Ustaz ya ce wannan dai ya kunyata, don da aka auna ƙasar gishiri ne ya yi mata yawa, ba abin da zai tsira a kai. Sai da aka kwashe ta sama, aka kawo ƙasa mai kyau daga wani wuri aka shimfiɗa, aka buɗe wuraren rainon tsirrai ana gwada wace bishiya za ta jure, wace ba za ta jure ba, kafin a dasa sama da tsiro 600,000. Ya ƙara da cewa a ƙarƙashin lambun akwai manyan tankunan ruwa uku na birnin, kowanne faɗinsa mita 80, an binne su an yi shuka a kai. Hajiya ta leƙa ƙasan kekenta kamar za ta hango su. Ta ce a matsar da ita daga kan tanki.

Kusa da mu wani iyali ne na Misirawa, sun fi goma, da tukunya guda a naɗe cikin tawul. A Juma'a haka wurin yake cika, ba masaka tsinke a inuwa mai kyau. Akwai masu kuɗi da ke hawa gidan abincin da ke saman tudu ko su zauna a bakin tafkin da ke kudu, amma yawancin waɗanda na gani irinmu ne, masu shimfiɗa da filas ɗin shayi. Ga samari da 'yan mata da aka yi wa baiko suna ɗaukar hoto, ango cikin kwat yana rawar sanyi, amarya na jan farar riga a kan ciyawa, ƙawaye na rangaɗa guɗa. Guɗar ce ta sa Hajiya murmushin farko a ranar. Ta ce ashe su ma suna yi, sai dai tasu da harshe ce, tamu da hanci.

Tsohuwar iyalin nan, mai jiki, cikin baƙar abaya, ta daɗe tana kallon Hajiya. Can ta dafa sandarta ta miƙe, ta tako da faranti a hannu. "Itfaddali ya Hagga." Mahshi ne, shinkafa da aka naɗe cikin ganyen kabeji kamar 'yan yatsu. Hajiya ba ta karɓar abu ta bar hannun mutum wayam, ta sa uwargida ta ɗebo dambun naman da muka taho da shi daga gida, ta kwance bakin mayafi ta ɗauko farin goro ɗaya daga cikin ukun da suka rage mata. Dambun ya karɓu, har jikokin suka zo ƙari. Goron kuwa, tsohuwar ta gatsa, ta tauna sau biyu, fuskarta ta tattare kamar an matsa lemon tsami. Ta haɗiye don kara, ta ce "Alhamdu lillah" da muryar wanda ya tsira daga haɗari. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwon ya kwantar da ita.

Suka zauna suna hira, kuma har yau ban san da wane harshe ba. Ustaz ya so ya yi tafinta, suka kore shi. Hajiya ta nuna gwiwa, ta kwatanta wuƙa. Tsohuwar ta dafa nata gwiwoyin biyu, ta girgiza kai, ta nuna sama. Suka ƙirga wa juna 'ya'ya da yatsu. Aka ambaci Makka, kowacce ta ɗaga yatsun yawan zuwanta. Sai tsohuwar ta daki hannun keken da tafin hannu, ta ce da ƙarfi, "Imshi! Imshi ya Hagga!"

Ummi ta zaro ido, don ita a bakin titi ta koyi kalmar, abin da ake ce wa yaro ko mage ke nan in ana korar su. Ta ce, "Kawu, korar Hajiya take yi?" Ustaz ya ce a'a, asalin kalmar "yi tafiya" ne, cewa take ta tashi ta taka.

Abin da likita ya yi mako biyu yana faɗa, da mai gashi, da ni, da Ustaz har da hadisan neman magani, shi tsohuwar nan ta faɗa da kalma ɗaya. Bambancin kawai ita sa'arta ce, kuma ta tako da sanda ta kawo mata abinci a gaban jama'a. Hajiya ta dube ni ba ta kira sunana ba, don ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kira ba. Ta ce, "Kai, miƙo min abin nan." Na buɗe sandar ƙarfen mai ƙafa huɗu da muka rataya a bayan keke don cika umarnin likita kawai.

Ta miƙe. Ta ce kada wanda ya riƙe ta. Muka koma kan hanyar dutse, tsohuwar a dama, Ummi a hagu, ni ina biye da keke ba kowa a kai, sai Abba ya haye. Ba taku take ƙirgawa ba, bishiyoyi take ƙirgawa. In ta kai gindin ɗaya ta tsaya ta huta, ta dubi ta gaba kamar mai ciniki da ita. A ta huɗu gumi ya karyo mata duk da sanyin. A ta shida na ce Hajiya ya isa haka, ta ce da na yi shiru da na fi kyau. A ta tara ta sami benci ta zauna, ta ce wa Abba, "Maigida, ka ji daɗin motar? To ka biya kuɗin haya."

Ba zan ce duk wunin zuma ba ne. Muna kan bencin nan wasu samari suka wuce, ɗaya ya dubi yaran ya ce "shokolata", sauran suka kwashe da dariya. Na yunƙura, Ustaz ya riƙe hannuna. Ya ce shekararsa huɗu yana jin wannan a mota da kasuwa, wani da wasa yake nufi, wani da raini, in ka ce za ka tanka wa kowa ba za ka yi karatu ba. Ban gamsu ba, kuma har yanzu ban gamsu ba. Abin da ya ɗan sanyaya min rai, ɗan tsohuwar nan, wani ƙato mai gashin baki, ya bi su da faɗa da Larabcin da Ustaz ya ƙi fassara mana a gaban Hajiya. Jim kaɗan kuma wasu 'yan mata 'yan makaranta suka zo suna roƙon hoto da Ummi, suna taɓa kitsonta suna tambayar awa nawa aka yi ana yi. Ita dai Ummi ta ji daɗi. Ni na rasa a wane shafi zan rubuta wannan.

Bayan la'asar muka bar mata da yara, ni da Ustaz muka gangara yamma, inda lambun ya yi iyaka da unguwar Darbul Ahmar. Nan ne abin da ya fi tsaya min a zuciya.

Ganuwa ce ta dutse, doguwa, da hasumiyoyin tsaro masu zagaye da 'yan tagogin harba kibiya. Salahuddin ne ya ba da umarnin gina ta a 1176, wazirinsa Ƙaraƙush ya tsaya a kan aikin, mutumin da har gobe in Bamisire ya ga hukuncin danniya sai ya ce hukuncin Ƙaraƙush. Da gari ya daina tsoron mahara, sai ganuwar ta zama inda ake tsayawa a watsa shara, sharar ta yi ta hawa har ta haɗiye ta, a wasu wuraren zurfin mita 15. Masu tonon lambu ne suka yi ta bin ta suna yaye mata ƙasa, har suka fito da kusan kilomita ɗaya da rabi, da ƙofofinta irin su Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ. Na shafa dutsen. Sassaƙar tana nan da kaifinta. Wanda ya binne ta da shara bai yi don ya adana ta ba, amma da a fili take, da tuni an ɗebe duwatsun ɗaya bayan ɗaya an yi harsashin gidaje.

Ba yadda za a yi Bakano ya tsaya a nan bai tuna badala ba. Tamu ma ba yarinya ba ce, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, kusan sa'ar wannan ce ko ma ta girme ta. Ina yaro muna hawa kanta wajen Ƙofar Na'isa mu hango gari, mu gangaro da gudu wando ya yage. Yau in na bi ta wajen da Abba sai na yi masa rantsuwa kafin ya yarda akwai ganuwa a da. Gaskiya ne tamu ƙasa ce, ruwan sama na cin ta, tasu dutse ce. Amma ruwan sama ba ya zuwa da tifa, ba ya kafa shago, ba ya yanka fuloti. Mu muka ci abarmu, kowa da ɗan cokalinsa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin ma mun cike su da bola mun yi gini a kai, sannan in damina ta zo mu ce ambaliya ƙaddara ce. Kuma duk faɗin Kano, in mutum ya ce zai kai tsohuwarsa da 'ya'yansa su zauna a kan ciyawa su wuni, ina zai nufa? Gidan Zoo ranar Sallah, a turmutsutsu. In ba haka ba sai wuraren cin abinci, inda zama ma da kuɗi ne.

Na faɗa wa Ustaz haka, ya ce kada in ɗauka Misirawa waliyyai ne. Ya nuna min gabas, gindin dutsen Muƙaɗɗam, ya ce can Manshiyat Nasir take, unguwar masu kwasar shara, inda bolar birnin ke tafiya a yau ana tsince ta da hannu. Birni mai mutum sama da miliyan 20, lambu ɗaya ba zai wanke shi ba. Sai dai ya ce abin da ya burge shi, aikin bai tsaya a ciyawa ba. An shiga Darbul Ahmar an gyara gidaje, an koya wa matasan unguwa sassaƙar dutse da kafinta a kan aikin ganuwar, an ba masu ƙananan sana'a rance, an tayar da hasumiyoyin da suka lalace kamar ta Khayrbak da ta masallacin Ummus Sultan Sha'aban. Daga inda muke muna hango bayan gidajen, da shanya a kan rufi, da kejin tattabaru, wani yaro yana kaɗa tsumma a sanda yana kiran tattabarunsa su dawo gida.

Da muka hau mun tarar rana ta yi ja, ta rataya a bayan hasumiyoyi, ƙurar gari ta mai da sama kamar garwashi. Tsohuwar da iyalinta sun tafi, ta bar wa Hajiya sauran mahshi a roba. Hajiya na zaune a benci, ba a keke ba. Ta tambayi Ustaz ina ne Azhar ɗin da yake karatu, ya nuna mata hasumiyoyin masallacin can arewa maso yamma, a cikin cunkoson rufi. Ya ce mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar nan, tun ɗaruruwan shekaru 'yan Barno ke da masaukinsu na ɗalibai a cikin masallacin. Sannan ya juya kudu, ya ce a bayan Ƙal'a can kabarin Imam Suyuɗi yake, wanda ya rasu a 1505, wanda har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas.

Hajiya ta ce, "Wane Suyuɗin? Na Jalalaini?"

Ya ce shi fa.

Shekara nawa tana zama a bayan labule da azumi tana sauraron ana jan baƙi ana fassara, ba ta taɓa kawo wa ranta mai littafin mutum ne da ke da gari da kabari ba. Ta sa aka juya ta ta fuskanci wajen, ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo. Tana shafawa aka fara kiran magariba. Wani masallaci ya fara daga ƙasa, wani ya karɓa daga dama, wani daga cikin maƙabarta a bayanmu, kafin ka ce kwabo garin gaba ɗaya ya ɗauka, murya kan murya, ba ka iya ware ɗaya. Fitilun Ƙal'a suka kama. Abba ma, da bakinsa bai huta ba tun safe, ya yi tsit.

Fita ta fi shiga wuya, don kowa lokacin ya tashi. Abba ya yi barci a kan keken, aka jibga masa zanen gado da filas da robar mahshi a cinya, ba wurin Hajiya ko da ta so. Ba ta nema ba. A hankali, da hutu uku, ta taka har bakin titi, inda na yi minti goma ina ciniki da direban da ya rantse mitarsa ta lalace tun jiya.

Da dare na buɗe littafina na rubuta tasi, tikiti, shayi, masara gasasshiya biyu, fam 20 na Ustaz. Ina cikin haɗawa na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandar ƙarfe a kan tayil. Hajiya ce ta fito falo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Kai, ran Talata ba cunkoso, ko? Bishiyoyin nan tara na yi. Ka tambayi ƙaninka guda nawa ne gaba ɗaya."